Kujerar da Ta Ƙi Kwanciya

3 ga wata

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an fito daga tiyata lafiya, gwiwa kuma ta fara sauƙi. Na kira wayarka sau huɗu ba ta shiga. Na kira ta Yaya, 'yar cikinka, tunda a gidanta ka sauka, ta ce har yanzu kana asibiti, amma tana kawo maka kwamfutarta ka duba saƙo. Shi ya sa na zauna rubutu. Inna tana gaishe ka. Kullum sai ta sake ba ni labarin yadda kai da marigayi Abbanmu kuka tashi gida ɗaya, alhali kakanninku ne kawai 'yan uwa, kamar ban taɓa ji ba.

Baffa, an dakatar da ni daga aiki.

Ka tuna mutumin da ya zauna a gabanka ranar da na kai ku a jirginmu, mai kujera ta talatin da ɗaya, wanda ya kwantar da ita a kan gwiwarka ana tsakiyar rabon abinci? Ya rubuta wa kamfani ƙorafi shafi uku. Ya ce ban roƙe shi ba, na danna maɓallin kujerarsa da hannuna na tunkuɗa shi gaba, shayi ya ƙona masa ƙirji, na kuma zage shi a gaban jama'a. Ya ƙara da cewa tun tashinmu kujerar ba ta kwanciya, sau biyu ya kira ni na kasa gyarawa. Wannan kam gaskiya ne, na ma rubuta a littafin gyara cewa ta lalace. Yadda aka yi ta warke daidai lokacin abinci, Allah kaɗai ya sani.

Dokarmu ita ce: ka roƙi fasinja sau biyu, in ya ƙi ka kira shugabar ma'aikatan cikin jirgi. Ba a taɓa kujerar mutum yana kanta. Na sani, na taɓa. Amma na ga fuskarka lokacin da bayan kujerar ya sauka a kan ƙafar da aka ɗauko ka tafiyar awa goma sha ɗaya domin ta.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar 24. Suna karɓar bayanin shaidu har ranar 20. Matar da ke gefenka ba ta bar lamba ba, abokiyar aikina kuma tana can baya da keken abinci, ba ta ga komai ba. Kai kaɗai gare ni. Ka rubuta musu shafi ɗaya kawai. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka ambaci dangantakarmu. Sunan gidanmu ba ɗaya ba ne, babu mai sani. In suka ji Baffana ne, za su ce son kai na yi, shekara shida ta tafi a banza.

Inna ba ta sani ba. Na ce mata hutu aka ba ni.

'Yarka,
'Yar Sama

8 ga wata

Baffa,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Kwana biyar shiru. Yaya ta ce ka karanta, ka cire tabarau, ka ce “to”, ka nemi a rage maka hasken taga. Wane irin “to” ne, Baffa? Na tambaye ta, ta ce irin naka.

Ni dai na kasa zama. Na wanke labule, na goge yunifom ɗina sau biyu na mayar cikin leda. Jikina ya saba da tashi, yanzu in jirgi ya wuce ta saman unguwarmu sai in tsinci kaina ina duba agogo ina faɗin inda za shi. Jiya Inna ta dube ni ta ce, “Wannan hutun naki ba ya kama da hutu, kamar kazar da aka ɗaure da ƙafa ɗaya.” Na yi dariya na shige ɗaki.

Sun karɓi katin shiga filin jirgi a hannuna. Mai gadin ƙofar da kullum yake tsokanata ya kawar da kai da zan fita. Wannan ya fi takardar dakatarwar ciwo.

Saura kwana goma sha biyu. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

'Yar Sama

10 ga wata

Ɗiyata,

Na samu wasiƙunki biyu. Ina amsa gaisuwa, ki gaishe min da Innarki. An yi aikin ranar 1 ga wata, ya ɗauki awa biyu da minti arba'in. An sallame ni shekaranjiya. Ina takawa da sanduna biyu daga gado zuwa ƙofar falo, taku goma sha tara, mai gashin ƙashi kuma tana zuwa kowace safiya ta lanƙwasa min ƙafa tana tambayata ko da zafi, alhali tana ganin hawaye.

Ban amsa da wuri ba saboda maganin da suke ba ni yana sa mutum ya ji kowace jimla tasa ta yi kyau. Shekara talatin da huɗu na yi ina tace labarai a gidan jarida, na san wannan jin ba abin yarda ba ne. Na jira ya sake ni.

Zan rubuta. Zan rubuta abin da na gani, yadda na gan shi, kuma zai isa kafin ranar 20. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fannin.

Ki amsa min tambayoyi uku. Ƙarfe nawa aka fara rabon abinci? Shayin a hannunsa yake ko a kan teburinsa? Sau nawa kika roƙe shi, a ƙirgenki?

Akwai abu ɗaya da zan fara yi kafin in sa hannu, kamar yadda na saba da kowane rubutu da ya shafi mutuncin wani. Ba zai ɗauki lokaci ba.

Ki daina goge yunifom, zai ƙone.

Baffanki

11 ga wata

Baffana na kaina!

Wallahi sai yau na ci abinci ya zauna. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa taku goma sha tara ya zama dubu. Ka ce wa mai gashin ƙashi ta riƙa tausaya wa tsoho.

Amsa: mun fara rabo bayan awa huɗu da tashi. Shayin a hannunsa yake. Sau biyu na roƙe shi.

Na san abin da za ka fara yi, gyara da jan biro ne. Yaya ta ce ko katin gayyatar aurenta sai da ka mayar wa mai buga shi sau uku. Ka tace yadda kake so. Don in rage maka wahala, ga abin da ya kamata ya fito: kai fasinja ne mai ciwon gwiwa, na gabanka ya kwantar da kujera ana cin abinci, ma'aikaciyar ta roƙe shi sau biyu cikin ladabi, ya ƙi, ta taimaka masa ya ɗaga. Shi ke nan. Kalmar “taimaka” tana da muhimmanci.

In na koma aiki, duk ranar da za ka dawo gida ni zan nema maka kujerar gaba, wadda babu kowa a gabanta sai bango.

'Yar Sama

15 ga wata

Baffa,

Ina fatan kana lafiya.

Yau sakatariyar kwamiti ta kira ni ofis ta miƙo min takarda. Mutumin ya aiko da ƙarin bayani. Layi huɗu ne. Ya ce ya samu tabbaci cewa fasinjan da ke bayansa baffan ma'aikaciyar ne, ɗan uwan mahaifinta, don haka abin da ta yi masa ba aiki ba ne, faɗan dangi ne.

Shugabarmu tana wurin. Ta ce, “Ke, da gaske ne?” Na ce da gaske ne. Ta ce, “Kuma ba ki faɗa min ba tun a jirgi? Da na sauya ki zuwa ɗaya layin, da duk ba mu zo nan ba.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Mutum uku ne a duniya suka san ka hau jirgina: ni, kai, da Inna. Yaya ta huɗu. Na tambayi Yaya ta ce in tambaye ka.

To ina tambaya. Daga ina ya ji?

'Yar Sama

16 ga wata

Ɗiyata,

Lafiya lau, taku ya kai arba'in. Daga bakina ya ji.

Ranar da muka sauka, a wurin ɗaukar kaya, ya zo ya tsaya kusa da keken da aka tura ni a kai, rigarsa da tabon shayi, ya miƙo min katinsa ya ce, “Dattijo, kai ne shaidata.” Na saka a aljihu. Da kika nemi in rubuta, na ɗauko shi. Ban taɓa barin labari ya fita da zargi a kan mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba. Na kori yara masu hazaƙa daga ɗakin labarai a kan wannan. Na ce miki akwai abin da zan fara yi. Na ɗauka kin gane, ke kuma kika ɗauka biro ne. Laifin rashin bayani nawa ne.

Na rubuta masa, ya zo da kansa ranar 13, ashe garin nan yake zaune. Yayarki ta kawo masa kujera ya ce a'a, ya fi son tsayuwa. Minti arba'in ya yi a tsaye yana dafe da bango. Mai zanen gine-gine ne, shekararsa hamsin da ɗaya, kuma akwai ƙarfe biyu a ƙashin bayansa tun wani haɗarin mota. In ya zauna a miƙe fiye da awa ɗaya ƙafarsa ta hagu tana mutuwa. Ya ce, “Awa huɗu ina danna maɓallin nan kamar mahaukaci. Da ta kwanta, wallahi ko sarkin duniya ne a bayana ba zan ɗaga ba.”

Na ce, “Ko waiwaye ai ka yi.”

Ya ce, “Dattijo, waiwaye ne ba na iyawa.”

Sannan ya tambaye ni me ya sa na damu da yarinyar har na neme shi. Tambaya ce kai tsaye. Na duba ko akwai amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba wannan ba. Ban samu ba. Na ce ɗiyata ce. Ya ce, “Au.” Ya yi sallama da ladabi ya tafi.

Ban yi tsammanin zai kai wa kamfani ba. Ya kamata in yi tsammani. A aikina in ka ji ta bakin mutum ka rufe littafinka, labarin yana hannunka. Na manta wannan karon shi ma yana da inda zai kai nasa.

Tunda muna kan gaskiya, ga sauran. Sau ɗaya kika roƙe shi cikakke. Na biyun kin fara, amma hannunki ya riga bakinki isa maɓallin. Kuma kin ce masa, “Malam, nan ba gadonka ba ne.” Ba zagi ba ne, zan rubuta cewa ba zagi ba ne. Amma kin faɗa. Kalmar “taimaka” ba za ta shiga ba.

Baffanki

17 ga wata

Baffa,

Na gode da bayani. An tsara shi da kyau, babu kuskure ko ɗaya.

Shaida na roƙa, ba edita ba. Kai ka gama aikinka, an yi maka walima an ba ka agogon bango. Ni nawa aikin ne a kan tebur. Mutumin yana da ƙarfe a baya, Allah ya ba shi lafiya, da ya faɗa min da na nema masa wani wurin. Amma ni ba don ƙashin bayansa na miƙa hannu ba, don gwiwarka ne. Na ji ƙarar da ka yi. Ko ita ma za ka ce rabin ƙara ce?

In abin da za ka aika ke nan, ka bar shi. Gara in shiga ba shaida.

'Yar Sama

19 ga wata

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba. Na aika da bayanin yau da safe, ƙarfe tara da kwata. Na san kin ce in bari. Ban bari ba, saboda akwai abin da ke cikinsa wanda ba ni da ikon riƙewa. Kwana goma sha shida ina kewaye shi. Na yi ta ƙirga kuskurenki da na mutumin dalla-dalla, kuma ina jin daɗin ƙirgawar, don tana hana ni isa ga nawa.

Kujerar ba ta lalace ba.

Kafin tafiyar na karanta dabarar a wani shafi, inda dogayen mutane suke ba juna shawara. In ka buɗe teburin cin abinci ka cusa wani abu mai tauri tsakanin hannun teburin da bayan kujera, ta gaba ba za ta kwanta ba. Da aka kashe alamar ɗaura bel na buɗe teburina, na cusa gidan tabarauna na ƙarfe, na shimfiɗa jarida a kai. Sau biyu kika zo kika durƙusa kina jijjiga masa kujera, kina ba shi haƙuri, kin kawo masa matashi na biyu. Ina kallon ƙeyarki ina yin kamar ina karatu. Da kuka fara rabon abinci na ji tsoron za ki ɗaga jaridar ki ajiye min tire, sai na zare shi na saka a aljihu. Mutumin ya sake dannawa, kamar yadda yake yi duk bayan 'yan mintuna, da dukkan nauyinsa. Sauran kin gani.

Na gaya wa kaina cewa ƙafata ce, kuma wurin da ke gabanta nawa ne. Shi ma ya gaya wa kansa bayansa ne, kuma maɓallin a hannun kujerarsa aka saka shi. Tazarar da muke faɗa a kai ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ni nake iya magana, ni nake iya miƙa hannu in taɓa kafaɗarsa in ce, bawan Allah, ga halin da nake ciki, yaya za mu yi? Ban yi ba. Na ji nauyin roƙon baƙo, ban ji nauyin yaudararsa ba.

Ga abin da na rubuta musu, a taƙaice. Cewa ni baffanki ne. Cewa ni na toshe kujerar awa huɗu, ba ki sani ba. Cewa kin roƙe shi sau ɗaya, kin fara na biyu, kin danna maɓallin, shayi ya zube. Cewa ba ki zage shi ba, ga ainihin kalmominki. Cewa nan take kin kawo ruwan sanyi da tawul, kin kira shugabarku da kanki. Na sa hannu, na sa lambar kujerata.

Na aika wa mutumin kwafi, tunda sunansa yana ciki. Na san abin da za ki ce.

Yayarki ta karanta ta ce, “Baba, gidan tabarau? Kai?” Tun safe ba ta ƙara ce min komai ba sai “ga magani”.

Baffanki

20 ga wata

Baffa,

Sau uku na karanta. Na farko na yi dariya har Inna ta leƙo. Na biyu ban yi ba.

Ka san yadda za su karanta shi? Baffa ya toshe kujera, 'yarsa ta zo ta duba ta ce ta lalace, ta rubuta a littafin gyara da hannunta. Wa zai yarda ban gani ba? Da laifina ɗaya ne, taɓa maɓalli. Yanzu ana iya cewa na yi ƙarya a littafin jirgi, wannan kuma ba dakatarwa ba ce, kora ce, kuma babu kamfanin da zai sake ɗaukata.

Na durƙusa a gabanka sau biyu, Baffa. Gwiwata a ƙasa, fuskata kusa da jaridarka. Har na tambaye ka ko kana son ƙarin ruwa.

Na gaya wa Inna komai. Ta ce, “Tun suna yara haka yake. Shi zai fasa tulu, shi zai je ya kai ƙarar kansa, a haɗa da Abbanku a sha duka.”

Kada ka rubuto kafin ranar 24. Ba na son in karanta komai.

'Yar Sama

25 ga wata

Baffa,

Gaisuwa. Yaya ta ce ka ajiye sanda ɗaya, kuma kwana biyu kana tambayarta ko saƙo ya shigo. Ga shi.

Mutum uku ne a kwamitin: wani tsohon matuƙi, wata daga ofishin ma'aikata, da shugabar horarwa. Awa ɗaya da rabi. Tsohon matuƙin ya riƙe takardarka ya ce, “Wannan baffan naki, ƙaunarki yake yi ko ƙiyayya?” Na ce ni ma ina kan bincike. Bai yi dariya ba, amma ya rubuta wani abu.

Sun tambaye ni ko na ga gidan tabarau. Na ce ban gani ba. Matar ofishin ma'aikata ta ce, “Ta yaya za mu tabbatar?” Na ce ba ni da hanya. A nan shugabar horarwa ta ciro wata takarda da ban san da ita ba. Mutumin ne ya aiko ranar 22, bayan ya karanta kwafinka. Ya ce ya janye maganar zagi. Ya ce ya tuna yadda na yi ta fama da kujerar har farcena ya karye, na tsotse yatsa na ci gaba, kuma wanda ya san abin da ya toshe ta ba zai yi haka ba. Ya ce har yanzu bai yafe shayin ba, kuma yana so a rubuta cewa tsohon da ke bayansa ya fi ni laifi.

An rubuta. Za ka samu wasiƙa daga kamfani. Ba za su ɗauke ka a dawowa ba, sai ka nemi wani jirgin, kuma duk sauran sai an sauka a hanya an sake hawa. Ka tambayi likita ko ƙafar za ta iya. Maganar kujerar gaba da na yi maka alkawari, ka ga ta wuce.

Ni kuma: takardar gargaɗi ta ƙarshe a fayil ɗina, horo na sati biyu, an cire ni daga dogon zango na shekara ɗaya. Ba a kore ni ba. Sun mayar min da katina. Shugabarmu ta same ni a mashigi ta ce, “Gaba in danginki ya hau, ko kakanki ne ya taso daga kabari, ki faɗa min tun a ƙofa.” Na ce to.

Ban san ko takardarka ce ta cece ni ko ita ta kusa kashe ni ba. Ina jin duka biyun. Ban huce ba tukuna, kada ka ɗauka wannan wasiƙar sulhu ce. Amma Inna ta ce in ka dawo nan za ka fara sauka, kuma ni zan je ɗauko ka, don haka ka aiko min da ranar da lambar jirgin.

Bayan horon za a sa ni a ƙaramin jirgi, minti hamsin zuwa, hamsin dawowa, sau huɗu a yini. Ɗazu na shiga na duba shi yana ajiye. Kujera arba'in da takwas, na bi su layi-layi ina lalubar hannunsu. Babu maɓalli. Ko ɗaya ba ta kwanciya.

'Yarka,
'Yar Sama